Jar giyar inabi daga hamada: me ke ba ta ɗanɗanonta, kuma wane abinci take karɓa?

A shekarar 2011 wata jar giyar inabi mai suna Jia Bei Lan, wadda aka yi da inabin kakar 2009 a yankin Ningxia na ƙasar Sin, ta lashe ɗaya daga cikin manyan kofunan gasar mujallar Decanter a Landan. Abin ya ɗaure wa masu sana'ar kai. Ningxia a gefen hamadar Gobi take, ruwan saman da take samu a shekara kimanin milimita 200 ne, sanyin hunturunta kuma yakan kashe kurangar inabi idan aka bar ta a sarari. Ba ita kaɗai ba ce. Mendoza a Ajantina, hamadar Negev a Isra'ila, kwarin Elqui a bakin hamadar Atacama ta Chile, da kwarin Columbia a jihar Washinton ta Amurka, duk busassun wurare ne da ke fitar da jar giyar da ta yi suna a kasuwar duniya.

Magana biyu ake yawan ji a kansu, kuma sun saɓa wa juna. Wasu na cewa wahalar da kuranga ke sha a hamada ita ke sa giyar ta yi armashi. Wasu na cewa rana dafa inabin take yi, giyar ta fito da nauyi da zafi ba tare da daɗi ba. Kowace na da gaskiya a wani wurin. Abin da ke raba gardama shi ne yadda manomi ya sarrafa ruwa, da tsayin gonar daga teku, da sanyin dare. Waɗannan su ke tsara yawan bauri, tsami da barasa a cikin kwalaba, su ukun kuma su ke tsara abincin da zai tafi da ita.

Abubuwan da baki ke ji

Tanin sinadari ne da ke cikin ɓawon inabi da 'ya'yan cikinsa, gangar itacen oak da ake ajiye giya a ciki ma tana ƙara shi. Ana samun jar giya ne ta hanyar barin ruwan inabi ya tsimu tare da ɓawon na tsawon kwanaki ko makonni, shi ya sa take da tanin mai yawa, farar giya kuwa kusan babu. Tanin yana maƙale wa furotin ɗin da ke cikin miyau, sai santsin baki ya tafi, dasashi ya bushe. Wannan shi ne bauri, irin wanda ake ji a baƙin shayin da ya daɗe a buta, kuma kamar yadda madara ke kwantar da na shayi, haka maiƙo da furotin na abinci ke kwantar da na giya.

Tsami kuwa shi ke sa miyau ya tsinke. Ana auna ƙarfinsa da ma'aunin pH, jar giya kan faɗa tsakanin 3.4 da 3.8, kuma da zarar lambar ta hau, tsamin ya ragu ke nan. Giyar da tsaminta ya yi ƙasa takan yi lami a baki, ta kuma fi saurin lalacewa.

Barasa daga sukarin inabi take fitowa idan yis ya cinye shi. Kimanin giram 17 na sukari a kowace lita ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Inabin da ya sha rana ya tara sukari, don haka jar giyar busassun yankuna kan kai kashi 14 zuwa 15, alhali ta wurare masu sanyi kan tsaya a 12 zuwa 13. Barasa ce ke ba giya nauyi a baki da ɗumi a maƙogwaro.

Abin da hamada ke yi wa inabi

Ana kiran wuri hamada idan ruwan samansa bai kai milimita 250 a shekara ba. Kurangar inabi na son kimanin 500 ko fiye, kuma Bordo a Faransa na samun wajen 900. Ke nan babu noman inabi a hamada sai da ban-ruwa. Mendoza ta dogara da narkakkiyar dusar ƙanƙarar tsaunukan Andis, wadda ake jawowa ta magudanan da asalinsu ya koma ga 'yan ƙabilar Huarpe tun kafin zuwan Sifaniyawa. Ningxia na sha daga Rawayen Kogi. A Negev kuwa ana amfani da siraran bututu masu ɗiga ruwa a gindin kowace kuranga, dabarar da kamfanin Netafim ya fara kasuwancinta a 1965 a cikin ita wannan hamadar. Noman inabi a can ba sabo ba ne: a zamanin daular Bizantin, garuruwa irin su Shivta da Avdat na tare ruwan kwari da ganuwar duwatsu su noma inabi, har yau ana ganin kufan matsewarsu.

Amfanin ban-ruwa shi ne manomi ke riƙe da famfo. Bayan 'ya'ya sun ƙulla, kafin su fara canza launi, sai a rage ruwa da gangan. Kurangar ta daina yawan fitar da ganye, 'ya'yan su tsaya ƙanana. Ƙaramin inabi ɓawonsa ya fi yawa idan aka gwada da ruwan cikinsa, launi da tanin da ƙamshi kuwa a ɓawo suke. Daga nan maganar wahalar kuranga ta samo tushe. Amma abin da iyaka. Idan ƙishin ya yi yawa, ganye kan rufe ƙofofin numfashinsa, nuna ta tsaya, 'ya'yan su yanƙwane, a samu sukari mai yawa saboda bushewa alhali tanin bai nuna ba. Giyar irin wannan inabi takan haɗa barasa mai zafi da bauri mai kaushi. Idan kuma ruwan ya yi yawa, 'ya'yan su kumbura, giyar ta fito salam. Akwai wata matsalar da ke taruwa a hankali: ruwan ban-ruwa na barin gishiri a ƙasa, babu kuma damina mai ƙarfi da za ta wanke shi.

Zafi shi ne babban abokin gaba. Idan ya wuce digiri 35 a ma'aunin Selshiyos na kwanaki, kuranga ba ta iya tara launi yadda ya kamata, tana kuma ƙone wani ɓangare na tsamin 'ya'yanta, musamman idan dare ma bai huce ba. Shi ya sa kusan duk gonakin hamadar da suka yi suna a kan tudu suke. Duk mita 100 da aka hau, zafi na sauka da kusan digiri 0.6. Kwarin Uco a Mendoza na tsakanin mita 900 da 1,500, Cafayate a arewacin Ajantina na wajen 1,700, gonakin gindin tsaunin Helan a Ningxia sun haura 1,000, na kusa da Mitzpe Ramon a Negev kuma na wajen 800. Busasshiyar iska ba ta riƙe zafi, don haka da rana ta faɗi sai sanyi ya sauko, bambancin rana da dare ya kai digiri 15 zuwa 20. Sanyin daren nan shi ke ceton tsami. Hasken rana mai kaifi na kan tudu kuma yana sa ɓawon ya yi kauri, launin ya yi duhu.

Rashin laima na da nasa alheri, domin cututtukan fumfuna da ke addabar gonakin Turai ba sa samun wurin zama, feshin magani ya ragu. Sai dai kowane yanki da nasa ciwon kai. A Mendoza ƙanƙara ce mai faɗowa da rani, har ana shimfiɗa raga a kan kuranga, ga kuma iskar Zonda mai zafi. A Ningxia dole a kwantar da kurangar a binne ta da ƙasa kafin hunturu, a tono ta da bazara, aikin da ke cin ma'aikata yana kuma karya tsofaffin kurangu.

Irin inabin ma na da ta cewa. Malbec, wanda Bafaranshe Michel Pouget ya kai Mendoza a 1853, kan ba da launi mai duhun shunayya, ƙamshin baƙaƙen 'ya'yan itace da ɗan na fure, da tanin mai laushi. Syrah na Elqui da Negev kan zo da ƙamshin masoro idan gonar na da sanyi, ƙamshin ya ɓace idan ta cika zafi. Cabernet Sauvignon ya fi su bauri, kuma idan bai gama nuna ba yakan yi ƙamshin koren tattasai. A Ningxia ana yawaita Marselan, wanda aka samar a Faransa a 1961 daga auren Cabernet Sauvignon da Grenache, saboda yana jure zafi.

Inda masana suka saɓa

Masu ra'ayin tsohuwar al'adar Turai na ganin giyar kirki ita ce wadda ke nuna halin ƙasarta da daminar shekararta, ban-ruwa kuwa yana shafe wannan. Faransa ta daɗe tana taƙaita shi a gonakinta masu rajista, sai da fari ya matsa aka sassauta. Suna kuma nuni da cewa a wurare masu zafi ana yawan ƙara wa ruwan inabi sinadarin tsami na tatarik don cike abin da rana ta ƙone. Manoman hamada na amsa cewa ban-ruwa mai awo ya fi damina adalci, domin ruwan sama kan faɗo ana gab da girbi ya ɓata amfanin shekara, su kuwa nasu kusan iri ɗaya ne kowace kaka. Ƙara tsami kuma doka ta yarda da shi, kamar yadda ta yarda wa yankuna masu sanyi su ƙara sukari.

Saɓani na biyu ya fi nauyi: ko ya dace a kashe ruwan hamada a kan abin da ba abinci ba? Masu suka na duba raguwar dusar ƙanƙarar Andis da yawan masu jan Rawayen Kogi. Masu karewa na cewa inabi bai kai yawancin amfanin gona shan ruwa ba, yana kuma kawo kuɗi da aikin yi a ƙasar da ba ta fitar da komai a da. Hujjar farko ta fi ƙarfi inda har yanzu ake malale gona da ruwa, ta biyu kuma inda aka koma bututun ɗiga.

Amma maganar da ake rubutawa a bayan kwalaba cewa za a ji ɗanɗanon yashi ko duwatsun hamada, masana ƙasa ba su yarda da ita ba. Tasirin ƙasa ta hanyar riƙe ruwa da zafi yake bi, dutse ba ya shiga inabi.

Yadda ake ɗanɗanawa

Zafin giyar shi ne farkon abin dubawa, kuma a nan aka fi yin kuskure. Digiri 15 zuwa 18 ake so. Idan ta wuce 20, barasa ce ke fara tashi ta rufe sauran ƙamshi, abin da ya fi muni ga giya mai kashi 14.5. Idan ta yi ƙasa da 12, ƙamshin ya kulle, baurin ya ƙara kaushi. Kwalabar da ta zauna a ɗaki mai ɗumi na buƙatar minti 20 zuwa 30 a firji.

Sabuwar giya mai tanin da yawa ana juye ta a tulun gilashi mai faɗin ciki na rabin awa zuwa awa guda don ta sha iska. Tsohuwa, wadda ta haura shekara 15, juye ta kawai ake yi a hankali don a bar gwiɓin a kwalaba, domin iska mai yawa na kashe ta.

Masu gwaji kan zuba mililita 50 a kofin gilashi mai tsukakken baki, su riƙe shi ta ƙafa. A karkata shi a kan farar takarda: shunayya a gefe alamar ƙuruciya ce, ruwan bulo alamar shekaru, kuma idan giyar shekara biyu ko uku ta riga ta yi ruwan ƙasa, zafi ko iska sun taɓa ta. A shinshina kafin a kaɗa, sannan a kaɗa a sake. Ƙamshin sabbin 'ya'yan itace na nuna an girbe a kan kari, na zabibi ko dafaffen jam na nuna inabin ya zarce. Banila, kanumfari da hayaƙi daga ganga suke, ba daga gona ba. Sai a kurɓa kaɗan, a zagaya da ita baki na daƙiƙa biyar zuwa goma, a tofar, kamar yadda ƙwararru ke yi a wurin gwaji. Tambayoyin uku ne: miyau ya tsinke? Baurin mai laushi ne ko mai kartar dasashi? Ɗumi aka ji a maƙogwaro ko ƙuna? Jar giyar hamada mai kyau ita ce wadda tsaminta ya isa ya ɗauki nauyin barasarta. Yawan duhu ko kauri ba shi ne inganci ba, ko da yake su ne ke saurin burge wanda ya kurɓa sau ɗaya.

Ido na yaudarar hanci fiye da yadda ake zato. A wani gwaji da aka wallafa a 2001 a Bordo, an rina farar giya ja aka ba ɗalibai 54 masu karatun giya, suka siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake yi wa ja. Saboda irin wannan ne ake rufe kwalabe a gasa.

Wasu ƙamshin alamar lalacewa ne. Warin jiƙaƙƙen kwali daga gurɓatacciyar toshiya yake, ba ya gyaruwa. Warin binega ko na ruwan goge jan farce aikin ƙwayoyin cuta ne. Warin ashana ko ruɓaɓɓen ƙwai kan tafi idan giyar ta sha iska na minti 15. Toshiyar da ta ɗago ko ta yi yoyo kuwa shaida ce kwalabar ta dahu a hanya ko a sito, domin zafin da ya kai digiri 30 na ɓata giya da sauri.

Abincin da take karɓa da wanda take ƙi

Jan nama mai maiƙo shi ne abokinta na farko, kuma da dalili. Tanin yana samun furotin ɗin nama ya kama maimakon na miyau, maiƙo ya shafe baki, tsamin giyar kuma ya wanke maiƙon kafin loma ta gaba. Gashi a kan garwashi ya fi dafuwa dacewa, saboda ƙaurin gashin na tafiya da na ganga. Shi ya sa Malbec ke tafiya da asado, gasasshen naman shanu na Ajantina, jar giyar Ningxia kuma da naman tumakin yankin. A lura da yanka: tsokar da ba ta da kitse ba ta iya kwantar da Cabernet mai bauri, ita Malbec mai laushi ta fi karɓa, Cabernet kuma a ba shi haƙarƙari ko kafaɗar rago.

Gishiri yana danne ɗaci, yana fito da ɗanɗanon 'ya'yan itacen da ke cikin giya. Idan giya ta yi kaushi a kan abinci, ɗan ƙarin gishiri a naman kan gyara ta. Tsohon cuku mai tauri na aiki saboda ya haɗa gishiri, maiƙo da furotin. Ga wanda ba ya cin nama, wake da aka dafa da man zaitun da gasassun kayan lambu na yin kusan wannan aikin, muddin akwai isasshen mai da gishiri.

Barkono ne ke kawo rikici. Sinadarin zafinsa da barasa jijiya ɗaya suke taɓawa a harshe, barasa kuma na sa jijiyar ta ƙara saurin jin zafi. Giya mai kashi 15 a kan abinci mai barkono da yawa na ninka raɗaɗin, baurin ma ya fito fili. Wannan bai shafi kayan ƙamshi marasa raɗaɗi ba. Masoro, kanumfari, kirfa da tafarnuwa suna tafiya da Syrah lafiya lau. Akwai masu son wannan ƙunar da gangan, su ba ruwansu da ƙa'idar.

Zaƙi ma haka. Duk abincin da ya fi giya zaƙi yana sa ta yi tsami da ɗaci, don haka miyar gashi mai zuma ko sukari, da kayan zaƙi na bayan abinci, ba sa yi da ita. Cakulan mai duhu da ake yawan tallata shi tare da jar giya tanin ne a kan tanin, sau da yawa ba ya daɗi. Binega mai yawa na sa giyar da tsaminta ke da rauni ta yi lami, kuma giyar wurare masu zafi ta fi faɗawa wannan tarkon. Miyar tumatir ta fi son giyar gona mai tsayi.

Kifi da sauran naman teku kan bar ƙarni a baki idan aka bi su da jar giya. An daɗe ana ɗora laifin a kan tanin, sai masu bincike a Japan suka nuna a 2009 cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin giyar ne ke haɗuwa da man kifin. Laimar kwaɗi irin wadda ake ci da ganyaye masu ɗaci kuma na ƙara wa giya ɗaci, sai an rufa musu da gishiri da mai.

Wasu ƙwararru na ganin an cika zuzuta waɗannan ƙa'idoji, tunda mutane sun bambanta a jin ɗaci da ƙamshi. Akwai gaskiya a ciki: kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin ƙamshin masoron Syrah sam. Abin da ya fi tabbata shi ne jerin abubuwan da ke ɓata ɗanɗano, wato barkono, sukari da kifi. Jerin abubuwan da ake cewa sun dace ƙwarai ya fi dogara da bakin mai ci.

Lakabi, lafiya da giyar da aka cire wa barasa

Lambar barasar da ke kan kwalaba ba daidai take cif ba. Tarayyar Turai ta yarda da kuskuren rabin kashi, Amurka kuma kashi 1 ga giyar da ta haura 14, don haka wadda aka rubuta wa 14.5 na iya zama 15.5. Bambancin na taruwa: kofi mai mililita 150 na giya mai kashi 12.5 na ɗauke da kusan giram 15 na barasa, mai kashi 14.5 kuma giram 17. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a farkon 2023 cewa babu adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, kuma tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da ke jawo ciwon daji. Tsohuwar maganar cewa jar giya na gyara zuciya ta raunana, domin an gano kurakurai a yadda aka kwatanta masu sha da marasa sha a binciken farko. Musulunci ya haramta giya kowace iri ce, kaɗan ko mai yawa.

Daga ranar 8 ga Disamba 2023 dokar Tarayyar Turai ta wajabta bayyana kayan haɗi da ƙimar abinci na giya, ko da ta lambar da ake dubawa da waya ce, ta yadda mai saye zai ga ko an ƙara tsami. Dokar ta kuma amince a kira giya da sunan "wadda aka cire wa barasa" idan barasar da ta rage a cikinta ba ta wuce kashi 0.5 ba. Ke nan wannan suna ba ya nufin babu barasa ko ɗis, kuma malamai da hukumomin tantance halal da yawa ba su amince da ita ba, tunda sai da ta zama giya kafin a tace ta.

Ana cire barasar ne ta hanyar turara giyar a tukunyar da aka zuƙe wa iska don ta tafasa a zafi kaɗan, ko ta tace ta da matsi ta cikin siririn rariya. Da barasa ta fita, nauyi da ɗumi sun tafi, tsami da bauri su tsaya tsirara, shi ya sa kamfanoni ke mayar da ɗan ruwan inabi mai zaƙi don cike gurbin. Lissafin abinci ma ya sauya. Barkono ya daina zama matsala sosai, amma nama mai kitse da yawa kan danne ta, ta fi karɓar kaza, wake da gasassun kayan lambu. Ana shan ta da ɗan sanyi, wajen digiri 12 zuwa 14, kuma da yake babu barasar da za ta kare ta, dole a ajiye buɗaɗɗiyar kwalaba a firji a gama da ita cikin kwana biyu ko uku.